Wanzamin da Askarsa Ta Yanke Shi

Saurara in ba ka misali, ɗan'uwa. Wani wanzami ne ya yi wa wani baƙo ƙaho ranar Juma'a da hantsi, a cikin kasuwa. Yana cikin tsaga sai askar ta kuɓuce ta yanke shi a babban yatsa, jininsa da na baƙon suka gauraya. Da aka gama, baƙon ya sunkuyar da kai, ya ce masa a hankali yana da ƙanjamau, kuma ya yi wata biyar da barin shan magani. Wanzami ya wanke yatsan da gishiri har ya yi fari, ya naɗe zabirarsa ya koma gida. Matarsa na shayar da jaririya, ta miƙo masa ita kamar kullum, ya kasa karɓa. Kwana biyu yana kallon yatsan nan kamar maciji ne ya kwanta a hannunsa, bai gaya wa kowa ba, don ya san in magana ta fita, ba mai sake kawo masa kansa aski.

Ranar Litinin da sassafe tsoro ya rinjayi kunya, ya tafi ɗakin shan magani na ƙauyensu. A nan ya ji labarin da bai taɓa ji ba: akwai ƙwayoyin da ke hana cutar kama jiki, amma sai an fara sha kafin kwana uku su cika, kuma su nasu sun ƙare. Ya hau acaɓa zuwa babban asibiti, rana tana ta hawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Malam, yaushe abin ya faru?" Ya faɗa. Ta dubi agogo, ta miƙo masa ƙwayar farko da kofin ruwa tun kafin ta rubuta sunansa. Awa ɗaya ta rage masa kwana ukun su cika. Ya sha na kwana ashirin da takwas, ya jira gwaji cikin fargaba, Allah ya sa aka same shi lafiya. Amma har yau bai manta da wani matashi da ke bayansa a layi ba. Shi nasa irin wannan hatsarin ya kwana shida, sai haƙuri aka ba shi, aka ce ya dawo gwaji. Ka ga abin da ya sa Hausawa ke cewa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.