Dutsen Layin Direbobi

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Motar ƙaramar hukuma ta shigo tsohon kwatas ɗin reluwe, ta tsaya a tsakiyar Layin Direbobi, don babu ta inda za ta wuce. Dutse ne zaune a kan hanya.

Injiniya Bernice ta sauko ta zagaya shi. Baƙi ne mai sulɓi, tsayinsa ya kusa gwiwa. Ta ce wa mutanen da suka taru an samu tallafin gyara tsofaffin unguwannin Kafanchan, kuma layinsu na ciki. Za a shimfiɗa bulon intalok a kan hanya, a gina gwata ta wucewar ruwa, a kafa fitilun sola da famfo. Dutsen kuwa, katafila za ta ɗauke shi ranar farko.

Baba Kumai yana zaune a ƙofar gidansa, daidai gaban dutsen. Tsohon leburan layin dogo ne, bayansa ya tanƙware tun yana da sauran ƙarfi. Shi da matarsa kaɗai suka rage cikin waɗanda suka zauna a layin lokacin da jirgi ke cika tasha. Sauran sun mutu ko sun koma ƙauyukansu, wasu suka shiga gidajen.

Damuwarsa ɗaya ce. Miriyam, matarsa, ba ta ji tun wani zazzaɓi da ta yi tana amarya, kuma kullum sai ta tsallaka hanyar nan zuwa rijiya, ba ta duba hagu ko dama. Saboda dutsen, duk ɗan acaɓan da ya iso wurin sai ya taka birki ya lallaɓa ta gefe. In aka cire shi aka shimfiɗa intalok, yaran nan tashi sama za su riƙa yi.

Amma ba shi ya yi gardama ba. Malam Gershon, tsohon hedimasta, ya ce dutsen tun zamanin mutanen Nok yake, ya sha kawo 'yan makaranta su gani. Alhaji Zubair mai kanti ya ce a'a, wani babban malami ne ya huta a kansa kan hanyarsa ta Makka, mahaifinsa ne ya gaya masa. Mama Joanna ta zumuntar matan coci ta ce a kansa mai bishara na farko ya tsaya ya yi wa'azi.

"Alhaji, babanka ai a Zariya ya rasu," in ji ta. "Ko tashar Kafanchan bai taɓa gani ba."

"To ke, Mama, mai bisharan naki hoto ya bar miki?"

Aka yi dariya, aka ci gaba da musu har rana ta fito. Abu ɗaya suka yarda a kai: dutse ba ya zuwa ko'ina.

Bernice ta shiga tsaka mai wuya. Sharaɗin tallafin ya ce kada a taɓa abin tarihi, amma ita ba ta ga tarihi ba, ta ga dutse ya ɓata mata miƙaƙƙiyar hanya. Ta nemi wanda ya fi kowa daɗewa, aka nuna mata Baba Kumai. Ta same shi yana ɗiga mai a tayar wani tsohon baro mai lanƙwasasshiyar ƙafa, wanda Miriyam ta daɗe tana so a ba 'yan gwangwan, shi kuwa ya ƙi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, cikin ukun nan wanne ne gaskiya?"

"Ban yi nisa a makaranta ba, 'yata. Amma wanda ya kawo shi ba don wasa ya kawo ba."

"In na cire shi fa?"

"Ke ce injiniya."

Suna nan Miriyam ta fito da bokiti ta shiga hanya kai tsaye. Wani ɗan acaɓa da ya taho yana ta hon ya ci birki saboda dutsen, ya karkata, ya bi ta bayanta a hankali. Ita ba ta ma san an yi ba. Bernice ta bi ta da kallo har ta kai rijiya, sannan ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta.

Katafila ta zo ta tafi, dutse yana nan. Aka kewaye shi da kankare, aka shafa farin fenti, aka zagaya da sarƙa. Da kwamitin unguwa ya kasa zaɓar labari ɗaya, sai aka rubuta duka ukun a allon ƙarfe, na Malam Gershon a sama don shi ya fi ɗaga murya. Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka sha lemo, kowa ya ɗauki hoto da dutsen. Baba Kumai bai tashi daga kujerarsa ba.

Sabon famfon kuwa can ƙasan layi aka kafa shi, inda hanya ta miƙe sumul babu ko tsakuwa. Da yamma Miriyam ta ɗauki bokiti ta nufi can, don ruwan famfo ya fi na rijiya sauƙi. Wani babur ya gifta ta da gudu har iskarsa ta ɗaga bakin zanenta. Ba ta waiwaya ba. Baba Kumai ya gani.

Washegari da safe ya tura baronsa ya gangara rafin bayan tasha, inda ya ɗauko dutsen farko a shekarar da kunnen Miriyam ya toshe, yana duba wanda bai kai shi nauyi ba, don bayansa ba zai sake jure irin wancan ba.