Teburin Madam

Ran da za ta bar Ƙauran Namoda, matar da aka rufe wa gidan giya bayan ƙaddamar da Shari'a ta sa aka turo wani tsohon teburi a baro har ƙofar gidan wani dattijo, tana biye.

Tun da ya yi ritaya daga reluwe ba shi da abin ɗebe kewa sai katako. Yakan tsinci karyayyen benci ko kujera, ya gyara, ya goge, ya shafa mai, ya kyautar. Shi ne kuma ke jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan.

"Haba Madam, kayan gidan giya za ki kawo min, mutane na kallo?"

"Sauran duk na sayar, Baba Alhaji. Wannan naka ne."

Ya so ya mayar mata, amma icen maɗaci ne irin na da, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ya kifa shi don ya duba ƙafafun. A ƙarƙashi sai ga rubutu an sassaƙa da wuƙa: cikakken sunansa, da lambar aikinsa, da shekarar 1974. Ya gane rubutun hannunsa ne.

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Wa yag gani?"

"Mutum uku suka taya shi," in ji ta, tana gyara ɗankwali. "Ban bar ko ɗaya ya kifa shi ba."