Mai Horar da 'Yan Kokawa da Shawarar Hutu

Kai da kake yamutsa fuska duk lokacin da aka ce "bincike ya nuna", matso ka ji. An yi wani mai horar da 'yan kokawa, mutum ne wanda ko gaishe shi ka yi sai ya juya gaisuwar ya duba ƙasanta. Yana da ɗan kokawa guda da gari ya dogara da shi, ga kuma karawa tana tafe bayan kaka da gwanin garin ƙetaren rafi, an ɗaure bijimi ga wanda ya yi kaye. Sai ga wata malama daga jami'a, mai nazarin motsa jiki, ta zo fagen atisaye. Ta ce an gwada a jikin 'yan wasa masu yawa, an ga tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Don haka in karawa ta matso a rage nauyin atisaye, a bar yaro ya yi barci ya ƙoshi. Gogan naka ya yi ta godiya har da rakiya. Amma tana bada baya ya shiga bin diddigi, ya gano kakarta ta wajen uwa 'yar ƙetaren rafi ce. Ya ce a ransa, "Yawwa! Na san a rina. An aiko ta ne ta kwantar min da yaro ya zama tuwo."

Bai tambaye ta a kan su wa aka gwada ba, bai kuma jarraba ko da na mako guda ya gani ba. Sai ya ce bari ya mayar musu da gubarsu. Ranar kasuwa ya je teburin mai shayi, ya zauna dab da mai horar da 'yan ƙetare, ya yi kamar yana raɗa wa aboki, alhali da ƙarfi yake yi: "Sirrinmu bana hutu ne, kada ka faɗa wa kowa." Wancan ya kwashe tsaf ya tafi da shi gida. Shi kuwa ya dawo ya ninka wa nasa yaron wahala: gudu cikin yashi da buhun gero a wuya, safe da yamma, har jajiberin karawa. Yaron ya ce gwiwarsa na zafi, aka ce masa ragwanci ne. Ran karawa aka buga ganga, ɗan ƙetare ya shigo fage yana tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance, namu kuwa yana jan ƙafa kamar wanda ya kwana yana huɗa. Kafin maroƙa su gama kirari, bayansa ya sha ƙasa. Da za a wuce da bijimin, mai horar da 'yan ƙetare ya tsaya ya riƙe hannun gogan naka ya ce, "Allah ya saka da alheri, maigida. Sirrin nan naka yana aiki."

Shi ya sa Hausawa ke cewa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.