Amaryar da Ta Ɗauki Turmi

Afiniki 'yata, kin tambaye ni me ya sa ake ce wa ikkilisiya amaryar Almasihu, alhali ga mu nan gajiyayyu, masu kaushi da faso. Na kuma lura, tun da ciwon baya ya hana ki sharar majami'a da ɗebo ruwa, kin koma zama can bakin ƙofa kamar baƙuwa, wai ba ki da abin da kike tsinana wa Ubangiji. Bari in ba ki misali da abin da na gani a zamanin da ƙafata ke kai ni ƙauyuka. Sunan garin ya ɓace mini, ko ƙasar Katsina ce ko ta Zazzau ba zan iya cewa ba, amma dai akwai rafi, akwai kuma wata kuka babba a hanya.

Wata marainiya ce ta tashi a gidan kawunta. Ba wanda ya zalunce ta, sai dai gida ne mai yawan bakunan ciyarwa, ta kuwa gane tun tana ƙarama cewa wanda ya shigo da kaya a ka shi ake yi wa sannu. Itace, tulu, damin dawa, abincin masu noma, duk ita ce, har gashin tsakiyar kanta ya ƙare saboda gammo. Wani manomi daga ƙetaren rafi ya gan ta ya so ta, ita ma ta so shi, aka yi komai bisa al'ada. Ba mai hali ba ne, ko jaki ba shi da shi balle doki, saboda haka da ƙafa za a kai ta. Ranar kai amarya, da hantsi, mata suka rarraba kayan ɗakinta a tsakaninsu, wannan ta ɗauki tukwane, waccan tabarma da ƙorai, wata ƙaƙƙarfa ta ɗauki turmi. Ita kuwa aka lulluɓe ta aka sa ta a tsakiya, hannunta ba komai sai lalle. Ba su yi nisa ba ta fara tuntuɓe, don wuyanta bai saba da tafiya babu nauyi ba. Abin da ya fi damunta kuma dangin miji ne: za su ga mace ta shigo musu gida hannu sake, su tambayi juna me aka kawo musu. Da aka tsaya hutawa a gindin kukar nan, mai turmi ta sauke ta je kewayawa. Amarya ta naɗe gefen mayafinta ta yi gammo, ta ɗora turmin a ka, ta kama hanya. Gwaggonta ta bi ta da faɗa, tana cewa, "Ke 'yar nan, aure muka kawo ki ko ƙwadago? Sauke, kada ki ja mana zagi." Ta ƙi. Tana kuka a cikin lulluɓi ta ce a bar ta ta isa da wani abu.

A al'adar wurin, ango ba ya nuna fuskarsa a ranar, gidan abokinsa yake fakewa har a gama hidima. Amma an yi ruwa a kwanakin, rafi ya kawo, hankalinsa bai kwanta ba, sai ya zo ya laɓe cikin gamba a ƙetare don ya ga hayewarsu. Da ya hango turmi yana tangaɗi a kan lulluɓin amarya, sai ya fito, ya faɗa ruwa da sabuwar rigarsa, ya tarye ta a tsakiyar rafi inda ruwa ya kai ƙugu. Mata suka yi masa caa: "Ango marar kunya, haƙurin yini guda ya gagare ka?" Ya sauke turmin daga kanta, ya ɗora a nasa, ba ko gammo. Ya ce mata a hankali, "Turmi akwai a gidanmu. Ke ce babu." Haka suka shiga gari, ƙato ɗauke da turmi, yara na bin sa da dariya, dattawa na kau da kai, amarya na biye da shi riƙe da gefen jiƙaƙƙiyar rigarsa. An daɗe ana yi masa ba'a da wannan a dandali, bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Na so in manta: matar nan ta yi daka a turmin shekaru masu yawa, tana yi tana waƙa, ranar da ta gaji kuma ta zauna ta huta ba tare da tsoron kowa ba.

To, haka ikkilisiya take, 'yata. Ba a yi mata alkawarin doki ba. Da ƙafa take tafiya gidan Angonta, ƙaya na sukarta, rana na dukanta. Amma nauyin da take tsammani shi zai sa a karɓe ta, Angon ya riga ya shigo ruwa ya ɗauke mata, ya sha ba'a a kai, domin ita yake so. Ran Lahadi ki matso ciki ki zauna tare da 'yan'uwanki, da ciwon bayan naki da komai. Hausawa sun ce, in amarya ba ta hau doki ba, ai ba a ɗora mata kaya.