Tokar da Ba Ƙashi a Cikinta

Bunchu yana ɗaura furanni a goshin jirginsa lokacin da suka sauko matakalar haikalin Phanan Choeng: wata dattijuwa mai lema, 'yarta, da mijin 'yar rungume da ƙunshin farin ƙyalle.

Shekara arba'in ke nan Bunchu yana kai tokar matattun da aka ƙone tsakiyar kogi a birnin Ayutthaya. Ya san masu kuka da masu kwaikwayon kuka.

Mijin ya ɗago kai ya gan shi, sai ya ja tunga.

"Mama, mu nemi babban jirgi. Wannan ya tsufa."

"Sufayen haikali sun ce shi ya san ƙa'ida," in ji dattijuwar, Uwargida Lamiat. "Shiga, Wirot. Shekara shida tokar mahaifinka na cikin kabad, mutane har sun fara magana."

Matan suka shiga da kyar, Bunchu yana tare su kada su taka goshin jirgi, mazaunin aljanar da ke tsaronsa. Wirot kuwa ya cire takalmi, ya tsallake wurin ba tare da an gaya masa ba. Jirgin ko motsi bai yi ba.

"Ji shi, kamar ɗan masunta," surukar ta ce tana dariya. Ba wanda ya taya ta.

Suka bi ta gaban kufan tsohuwar fada, jajayen tubala da hasumiyoyi marasa kai. Uwargida Lamiat ta nuna su da lema.

"Kakannina a nan suka yi hidimar sarki. Ba zan ba kowane tarkace 'yata ba, tsoho. Marigayin nan babban alƙali ne a arewa, amma haifaffen garin nan ne."

"Allah sarki, ranki ya daɗe," in ji Bunchu.

A mahaɗar ruwa ya kashe inji. Bisa al'ada shi ke kwance ƙunshin ya yayyafa ruwan turare. Da ya ɗauka ya ji ba nauyi. Tokar mutum fara ce, da gutsattsarin ƙashi masu ƙara. Wannan laushi gare ta, tana warin murhun gasa kifi.

Wirot ya jiƙe da gumi. Kalma ɗaya daga bakin tsohon ta isa: matar, gidan, kujerar ofis da surukar ta sama masa, duk su bi ruwa.

"Baba, akwai matsala ne?" matar Wirot ta tambaya. Cikinta ya fito, wata bakwai zai yi.

Bunchu ya dubi cikin, ya daɗe.

"Babu, 'yata. Ya ƙone da kyau."

Suka jefa kwabbai don saya wa mamaci masauki a wajen uwar kogi, aljanar ruwan. Wirot ya sauke ƙunshin a ruwa da hannunsa mai tsohon tabon igiya. Surukar ta matsa masa ya yi wa mahaifinsa sallama.

"Baba," ya ce wa ruwan, "ka yafe mini."

"Ɗaga murya," in ji Bunchu. "Matattu kunnensu da nauyi."

Bai ɗaga ba.

Tsohon ya tayar da inji, ya kewaya wurin sau uku ta hagu, sannan ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa: daga nan har gaɓa kada wanda ya waiwaya, don kada mamaci ya bi su gida.

Suka zauna fuskarsu gaba, shi yana baya riƙe da matuƙi. A matakala ma Wirot ya kiyaye ƙa'ida, ya haye bai waiwaya ba.

Bunchu ya ɗebi ruwa ya wanke gawayin da ke tafinsa. Tokar mutane da yawa ya kai kogin nan, amma sai yau ya kai tasa, kuma ɗan cikinsa ne ya zuba ta.