Farar Binciken Abdulganiyyu

Babu abin da Abdulganiyyu yake tsoro kamar maimaita shekara. Ya ci dukkan kwasa-kwasan nazarin halittu, saura binciken kammalawa: fara ɗari biyu da ya yi wata uku yana kiwo cikin keji a gidansu a Kebbe. Sharaɗin shi ne malaminsa ya gan su kafin ya sa hannu.

Malamin, Dakta Bashar, ya iso daga Tambuwal a kan babur, yunwa na cinsa. Inna Atu, mahaifiyar ɗalibin, ta aiko da soyayyar fara da yaji. Ya cinye tas.

"To, mu je mu ga aikin."

Keji wayam.

"Inna, ina farata?"

"Ai ita baƙonka yac ci," in ji ta daga madafa. "Babban baƙo kamar wanga, in ba shi ta kasuwa? Taka ta fi ƙiba."

Abdulganiyyu ya juya ya kalli malaminsa. Dakta ya daɗe yana kallon kejin, ya yi gyatsa a hankali, ya zaro biro.

"Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban ga aibu ba. Na sa hannu. Ɗaliban baɗi kuma, dukkansu a gidan nan za su yi bincike."