Ɗakin Kyauta a Toranke

Katifa, fanka, buta da kwalin littattafai. Su ke nan Zunnuraini ya ɗaure a adaidaitar da ta ɗauko shi daga tashar Ajingi zuwa Toranke.

Mai gidan da yake haya a Kano ne ya ce ya biya ko ya fita. Zunnuraini ya kira yayarsa Batula, washegari ta turo kuɗin. Sai dabara ta faɗo masa: don me zai miƙa wa wani ƙato kuɗi, alhali yana da ɗaki kyauta a gidansu na Toranke? Ya sayi sabuwar waya, ya kamo hanya.

Ya tarar da takalman wani a ƙofar ɗakinsa.

"Yaya, wa ke ɗakina?"

"Sabon malamin firamare," in ji Batula tana tankaɗe. "Auta, duk bokon naka, ka zaci daga bishiya na kaɗo kuɗin nan? Ɗakinka na ba shi haya, ya biya shekara biyu."

Malamin ya leƙo, ya yi masa sannu da hanya, ya rufe ƙofa.

Zunnuraini ya juya wajen direba.

"Kar ka kwance katifar. Kano zan koma in sayar da waya."